Tsallen Minti 11 Zuwa Sama: Ko Kwalliya Tana Biyan Kuɗin Sabulu?

Ranar 20 ga watan Yuli, 2021, a hamadar yammacin jihar Teksas ta ƙasar Amurka, attajirin nan Jeff Bezos, wanda ya kafa kamfanin Amazon, ya shiga wani kumbo mai suna New Shepard tare da mutum 3. Roka ta cilla su sama kimanin kilomita 107, sa'an nan kumbon ya sauko da laima, ya dira a kan rairayi. Daga tashi zuwa sauka ba su cika minti 11 ba. Kwana 9 kafin wannan, wani attajirin, Richard Branson ɗan Birtaniya, ya riga shi da jirgin kamfaninsa na Virgin Galactic, ya kai kilomita 86. Da wannan aka buɗe wata sabuwar kasuwa, wato sayar wa masu hali kujerar leƙa sararin samaniya a dawo. A watan Yuni na 2025 maganar ta matso kusa da mu, sa'ad da wani lauya ɗan Nijeriya, Owolabi Salis, ya shiga kumbon New Shepard ya yi irin wannan tafiya. Matasanmu suka yi ta murna, suna kuma tambaya ko abin ya cancanci kuɗinsa. Mun ga ya kamata mu faɗi ra'ayinmu, kuma ra'ayinmu shi ne bai cancanta ba.

Kafin a yanke wa haja hukunci, sai a buɗe buhu a ga abin da ke ciki. Mutane da yawa idan suka ji an ce wane ya je sararin samaniya, sai su ɗauka ya kewaya duniya kamar yadda Yuri Gagarin na Tarayyar Sobiyet ya yi a 1961, ko ya kwana a tashar nan ta ƙasa da ƙasa mai nisan kilomita 400 daga ƙasa. Ba haka ba ne. Domin abu ya zauna a sama yana kewaya duniya, sai ya yi gudun kilomita 28,000 a awa guda. Kumbon 'yan yawon buɗe ido kuwa gudunsa bai wuce kimanin kilomita 3,500 a awa ba, kashi ɗaya bisa takwas ke nan. Saboda haka ba ya iya zama. Tsalle yake yi, kamar dutsen da yaro ya jefa sama, ya hau, ya ɗan dakata, ya faɗo kusa da inda ya tashi. Nisan ma ba wani nisa ba ne. Amurkawa suna ƙidaya farkon sararin samaniya daga kilomita 80, kusan tazarar Kaduna zuwa Zariya in an miƙe hanyar tsaye. Sauran duniya sun fi bin kilomita 100. Da ma'aunin na biyu, Branson bai ma kai bakin ƙofa ba.

Abin da ake saye a cikin wannan tsalle shi ne minti 3 zuwa 4 da ke tsakiya. A cikinsu injin ya mutu, mutum ya kwance ɗamarar kujera, ya yi ta shawagi a cikin kumbo ba ya jin nauyin jikinsa, ya leƙa taga ya ga sama baƙi ƙirin da tsakar rana, ya ga gefen duniya a lanƙwashe. Ba wai ƙarfin da ke jan abu zuwa ƙasa ya ƙare a can ba ne, yana nan kusan yadda yake a nan. Mutumin da kumbon ne suke faɗowa tare, shi ya sa ba abin da ke danna shi a kujera. Da minti 4 sun cika sai a koma wurin zama, a ɗaure, nauyi ya dawo ninki-ba-ninki yayin da kumbon ke kutsawa cikin iska.

To, nawa ne kuɗin? Virgin Galactic ya fara sayar da kujera a kan dala 200,000, ya ɗaga zuwa 250,000, a watan Agusta na 2021 ya mai da ita 450,000. In muka raba dala 450,000 a kan minti 4, kowane minti ya tashi a kan dala 112,500. Kowace daƙiƙa ta kusa dala 1,900. Kamfanin Bezos, wato Blue Origin, bai buga farashinsa a fili ba, amma kujerar farko da ya yi gwanjonta a watan Yuni na 2021 ta tashi a kan dala miliyan 28. Wanda ya ci gwanjon, wani ɗan kasuwa mai suna Justin Sun, bai yi tafiyar ba sai a watan Agusta na 2025.

Ba za mu ɓoye hujjar masu goyon baya ba, gama suna da ita. Suna cewa gani ya kori ji. Wanda ya ga duniya daga can, ba iyakar ƙasa ko ɗaya a kanta, da ɗan siririn shuɗin iska da ke rufe da ita, ba ya dawowa yadda ya tafi. William Shatner, ɗan wasan talabijin da ya yi tafiyar a watan Oktoba na 2021 yana da shekara 90, ya sauko yana hawaye. Daga baya ya bayyana cewa ba murnar da ya zata ya samu ba, baƙin ciki ne ya rufe shi, domin a duhun can ya ga abin da ya yi masa kama da mutuwa, a duniyar da ya baro kuma ya ga rai, ga shi muna lalatar da ita. Ba mu raina wannan shaida ba. Haka kuma duk mai tausayi zai ji daɗin labarin Wally Funk, matuƙiyar jirgin sama da ta ci gwaje-gwajen 'yan sama jannati a farkon shekarun 1960 amma ba a ba mata dama a lokacin ba, sai ga ta ta tashi tare da Bezos tana da shekara 82. Akwai kuma Ed Dwight, baƙar fata na farko da aka sa a layin horon 'yan sama jannati a Amurka amma ba a zaɓe shi ba, wanda ya yi tafiyar a 2024 yana da shekara 90. Sai dai mai karatu ya lura, dukan waɗannan ukun ba da kuɗin aljihunsu suka je ba. Labaran da suka fi taɓa zuciya a wannan kasuwa, na waɗanda aka gayyata ne.

Mun kuma san haɗarin saurin cewa da an ba matalauta. Mun tuna wanda ya fara yin wannan lissafi a Betanya, sa'ad da Maryamu ta zuba man ƙanshi mai darajar dinari 300, kusan ladan ɗan ƙodago na shekara guda, kuma ba a yaba masa ba. Ba kowane abu mai tsada ne ɓarna ba, ba kuma kowane mai ƙorafi ne ke yi don talaka ba. Amma ita Maryamu a kan wani ta zuba nata. Mai sayen kujerar nan a kan kansa yake zubawa. Gaskiya ne dala miliyan 28 na gwanjon nan an ba da su ga gidauniyar kamfanin mai ƙarfafa wa yara karatun kimiyya, mun yaba. Sauran kujerun kuwa ciniki ne kawai.

Ko an ajiye maganar talaka gefe, a auna abin da ma'aunin kasuwa tsantsa, bai tsaya ba. In shawagi ba nauyi mutum ke nema, akwai jiragen sama na musamman a Amurka da Faransa da ke hawa su sulalo sau da yawa a tashi ɗaya, kowane sulalowa ya ba da daƙiƙa 20 zuwa 30 na rashin nauyi. In an yi sau 15 aka tara, ya fi na kumbon yawa, kuɗinsa kuwa a wajen dala 10,000 yake. Da irin waɗannan jiragen ake horar da 'yan sama jannati na ainihi. Abin da ya rage ke nan shi ne leƙen taga, kuma a cikin minti 4 mutum zai raba hankalinsa tsakanin taga, da juyi a iska, da ɗaukar hoto, da kunnen da ya kasa don jin umarnin komawa kujera.

Sa'an nan ga maganar rai. Ranar 31 ga Oktoba, 2014, jirgin gwaji na Virgin Galactic ya tarwatse a sama a kan hamadar Mohabi ta jihar Kalifoniya, mataimakin matuƙi Michael Alsbury ya mutu, matuƙin ya tsira da raunuka. A watan Satumba na 2022 rokar New Shepard ta lalace minti ɗaya da 'yan daƙiƙu bayan tashi. Allah ya sa ba mutum a ciki, kayan bincike ne, kuma na'urar ceto ta fizge kumbon ya sauka lafiya, amma sai da aka yi wata 15 ba a sake tashi ba. Dokar Amurka ta 2004 ta wajabta wa kamfani ya sanar da fasinja a rubuce cewa gwamnati ba ta tabbatar da amincin abin da zai hau ba, shi kuma ya sa hannu ya yarda. Wanda ya hau jirgin fasinja na yau da kullum ba a ba shi irin wannan takarda. Matuƙin gwaji da ya sa ransa a haɗari yana yi ne domin a koyi wani abu. Magidanci mai mata da 'ya'ya da ya sa hannu a wannan takarda domin minti 4, me zai ce ya je nema?

Hujjar da aka fi maimaitawa ita ce wai haka jirgin sama ya fara, masu kuɗi suka hau da tsada, daga baya ya zama na kowa. Da ma haka ne. Amma jirgin sama yana ɗaukar mutum daga wani gari ya kai shi wani, da kayansa da wasiƙunsa da magungunansa, shi ya sa jama'a suka yi masa yawa har kuɗin ya sauko. Wannan kuwa inda ya ɗauke ka nan yake ajiye ka. Farashin ma, maimakon ya sauka, hawa ya yi ta yi. Jon Goodwin, wani Bature ɗan Birtaniya, ya biya kuɗin kujerarsa a 2005, bai tashi ba sai a watan Agusta na 2023, yana da shekara 80, bayan jiran shekara 18. Kamfanin ya fara ɗaukar fasinjoji masu biya a watan Yuni na 2023, a watan Yuni na 2024 ya ajiye jirgin nan guda ɗaya da yake da shi domin ya ƙera sababbi, ya bar ɗaruruwan mutane riƙe da tikiti, ya kuma ambaci dala 600,000 a matsayin kuɗin kujera a sababbin jiragen.

Kada a ji mu a karkace, 'yan'uwa. Ba ilimin sararin samaniya muke suka ba. Tauraron ɗan adam ne ke gaya wa masu hasashen yanayi inda hadari ya taso, shi ke ɗaukar muryar rediyo da hoton talabijin ya ƙetare teku da su, Nijeriya ma ta harba nata na farko, NigeriaSat-1, a 2003. Yaron da ya ce yana so ya karanci wannan fanni, a ƙarfafa shi, a saya masa littattafai. Hatta kumbon New Shepard ya sha ɗaukar kayan gwajin jami'o'i da na hukumar NASA, wannan aiki ne mai amfani. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne a haɗa mai bincike da mai yawon shaƙatawa a kira su da suna ɗaya. Bezos da kansa, da ya sauko, ya gode wa ma'aikatan Amazon da masu sayayya a wurinsa, ya ce su suka biya kuɗin tafiyar. Jama'a da dama ba su ji daɗin maganar ba, gama an san irin koke-koken da ma'aikatan rumbunan kamfanin ke yi a kan wahalar aiki.

A ganinmu, kaso mafi girma na kuɗin nan ba taga ake biya ba, suna ake biya, a ce wane yana cikin 'yan ƙalilan da suka je. Shi kuwa irin wannan suna, kowane sabon fasinja rage masa daraja yake yi. Hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Amurka ta kasance tana ba da wata lambar girmamawa mai siffar fukafukai ga waɗanda suka wuce kilomita 80 a jiragen kamfanoni. Bezos da Branson sun samu. A watan Disamba na 2021 hukumar ta sanar cewa ta daina bayarwa daga farkon 2022, tun da masu zuwa sun fara yawa. Wanda ya je bayan nan, sai dai a rubuta sunansa a cikin jerin da hukumar ke ajiyewa a shafinta na intanet.