Kwantena ɗaya, ministoci uku

Kafin ƙwayar tiramadol da aka yi a Indiya ta isa hannun yaro a lungun Kano, sai ta ratsa ta gaban hukumomi huɗu. Kwastam ke tsaron tashar ruwa ta Apapa da ta Onne. NAFDAC ke faɗin ƙarfin da aka halatta: mai miligiram 50 da 100 na asibiti ne, mai 225 haramun. PCN ke ba kantin magani lasisi. NDLEA, wadda aka kafa a 1989, ita ke kamu da kai wa kotu. Kwastam na ƙarƙashin ministan kuɗi, NAFDAC da PCN na ministan lafiya, NDLEA ta ministan shari'a. In kaya ya sulale, kowa na da wanda zai nuna wa yatsa.

Mun ga abin da ɓaraka ɗaya ke jawowa. A 2011 gwamnati ta rage hukumomin da ke tashoshin ruwa don a hanzarta fiton kaya, NAFDAC na cikin waɗanda aka fitar, ba ta koma ba sai 2018. A shekarar ne binciken da aka yi da Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 na ta'ammali da ƙwaya a Najeriya. Maganin tari mai kodin ma ba a hana shi ba sai da BBC ta nuna mana 'ya'yanmu ɗaure da mari a gidan gyaran hali, alhali iyaye mata sun daɗe suna kuka.

Za a ce ai akwai kwamitin ma'aikatu da NDLEA ke jagoranta, an kuma yi kundin tsari na 2021 zuwa 2025. Akwai kam. Shugaban NDLEA, Janar Buba Marwa, ya kuma farfaɗo da hukumarsa tun da ya hau a 2021, ba mai musun wannan. Amma kwamiti taro yake yi, ba ya korar kowa daga aiki, Marwa kuma ba shi da iko a kan jami'in kwastam ko sufeton kemis.

Buƙatata ƙarama ce. Duk ranar da aka baje katan-katan na ƙwayar da aka kama gaban 'yan jarida, a faɗa mana tashar da suka shigo, da kamfanin da ya yi odarsu, da ofishin da ya sa hannu. Majalisar Tarayya kuma ta riƙa kiran shugabannin hukumomi huɗun nan su zauna layi ɗaya, rana ɗaya, su amsa a kan kwantena ɗaya.