Matan Kwamadugu sun wuce 'yan tarbar baƙi: a ba su gasar waƙa ta kansu

Yau maganarmu a kan matan jihar nan ne masu waƙa, kuma ba za mu yi ta kewaye-kewaye ba.

Kowa ya san yadda abin yake. In minista zai zo daga Yamai, ko wata ƙungiyar agaji za ta buɗe furoje, sai a aika mota ƙauye a kwaso mata. A jera su cikin rana tun ƙarfe tara, manya na ƙarƙashin rumfa, su yi ta waƙa da guɗa har baƙo ya iso bayan azahar. Ya ɗaga musu hannu, a ɗauki hoto, a ba shugabarsu jika biyu ko uku su raba. Gobe a rahoto sai ka ji an ce "mata sun ƙayatar da taro". Ba mai tambayar sunan wadda ta ja waƙar, balle wadda ta ƙirƙiro ta. Wannan wallahi raini ne, ko da an lulluɓe shi da sunan raya al'ada.

Alhali jihar nan cike take da murya. Mangawa da Mobar na bakin Kwamadugu, Buduma na tafkin Cadi, Fulani, Tubawa, Larabawa, Hausawa, kowa da irin tasa. Akwai ta daka, akwai ta niƙa, akwai ta rarrashin jariri, akwai ta kai amarya. Mace ɗaya ta ja, saura su amsa, wata ta ɗaga murya sama, wata ta riƙe ƙasa, ba ganga ba algaita, sai tafi da tsayuwar taɓarya. Ba wanda ya koya musu a lakkol. Daga bakin uwa suka ɗauka, ita ma daga bakin kaka.

To ga inda haɗarin yake. Tun da aka kai hari Bosso da Diffa ranar 6 ga Fabrairun 2015, garuruwan bakin kogi da na tsibirai suka watse. Mutane suka koma rumfunan kara a gefen babbar hanya, wasu Sayam Forage, wasu cikin gari gidajen dangi. Aka yi shekaru an hana cinikin tattasai da na kifi. Kwamadugu ta zo ta ƙara da nata ambaliyar a 2019 da 2022. Waƙar mata kuwa da wuri take rayuwa: dandalin gari, bakin rijiya, gonar tattasai. In wurin ya tafi, waƙar sai ta rage a bakin tsofaffi kaɗai. Yarinyar da aka haifa a 2015 ba ta taɓa ganin dandalin kakarta ba. A biki kuma yanzu DJ ne da lasifika, wayar salula ta maye gurbin 'yan amshi.

Mun riga mun ga irin wannan da biram, garayar nan ta Buduma mai tsirkiya biyar. Sai da ta rage a hannun tsoho ɗaya, Bukar Tar. Da marigayi Malam Mamman Barka bai je ya zauna gabansa ya koya a 2002 ba, da ta bi shi kabari. Barka ya kai ta har Turai kafin ya rasu a 2018. Biram ta yi sa'a. Waƙoƙin iyayenmu mata wa zai je ya zauna gabansu?

Bari mu ba ku labarin wasu mata a Amurka. Akwai wani salon waƙa da ake kira na shagon aski, don a irin waɗannan shagunan baƙaƙen fata suka riƙa yin sa tun ƙarshen ƙarni na 19. Mutum huɗu ne, ba kayan kiɗa. Ɗaya na jan waƙa, ɗaya na samansa, ɗaya na can ƙasa, na huɗu yana cike giɓin da ke tsakani. Maza suka kafa ƙungiyarsu, mata na gefe. A 1945, a garin Tulsa, matan suka kafa tasu mai suna Sweet Adelines. Yau suna da rassa a ƙasashe da dama, duk shekara su yi babban taro, mata huɗu-huɗu su hau dandali, alƙalai su ba da maki, waɗanda suka yi na ɗaya a naɗa musu kambi. Ba muna cewa a kwaikwayi salonsu ba ne, namu na ja da amshi ya ishe mu. Abin dubawa shi ne tsarin: su ke da ƙungiyar, su ke da dokokin gasar, sunansu ake rubutawa.

Mun san abin da za a ce, don mun sha ji.

Za a ce babu tsaro. To, Diffa N'Glaa fa? A garin nan aka yi bikin 18 ga Disamban 2021. A garin nan aka yi kokowar takobi a ƙarshen 2022, 'yan kokowar jihohi takwas, fili maƙil kwana da kwanaki, Issaka Issaka ya tafi da takobi, kowa ya koma gida lafiya. Garin da ya iya tsare wannan ba zai kasa tsare mata ɗari na wuni biyu ba.

Za a ce babu kuɗi. Wannan gasa ba ta buƙatar jita, ba ta buƙatar piyano. Makirfo huɗu, tabarmi, kuɗin mota da abinci. Abin da ake kashewa a atiliye ɗaya na wayar da kai, da kuɗin zama da lemon kwalba, ya isa ya kawo tawaga daga Maine Soroa, Gudumariya, Ngigmi, Ngurti, Bosso da Diffa.

Za a ce addini da kunya. Wannan maganar ba ma raina ta, kuma malamanmu muna ganin girmansu. Amma a yi adalci: matan nan ai a gaban ɗaruruwan maza ake jera su ranar tarbar baƙi, ba mu ji an ce uffan ba. Gasar da muke nema da rana za a yi ta, a cikin gidan matasa da al'adu, mata zalla a ciki, alƙalai mata, cikin suturarsu. Wace ta fi kusa da mutunci?

Za a ce waƙar mata ba ta zuwa ko'ina. Ku tambayi 'yan matan Illighadad na jihar Tawa, waɗanda suka ɗauki tende daga ƙauye suka kai Turai da Amurka. Ku tambayi mutanen Funtuwa irin sunan da Barmani Coge ta bari da ƙwarya kawai. Ƙasar nan tana da gasar Ɗan Gurmu tun 1987, tana da takobi na 'yan kokowa. Matar da ke waƙa ba kiɗa ba makaɗi, ita ina nata fage?

Ga abin da muke nema a fili. Kowace kwamin ta fitar da tawagar mata huɗu, kowa da harshensa. A kowace tawaga a sa dattijuwa ɗaya da yarinya ɗaya aƙalla, don waƙar ta samu magajiya. A yi waƙa biyu: ɗaya ta gado, ɗaya sabuwa da suka tsara da kansu, ba wadda wata ƙungiya ta rubuto musu a kan wanke hannu ko rigakafi ba. A ba da maki a kan haɗuwar murya, fitar lafazi da ma'ana. A naɗi kowace waƙa da yardar masu ita, a rubuta sunayensu da na garinsu, a ajiye kwafi a jami'ar Diffa da gidajen rediyon al'umma. Kyautar kuma a damƙa ta hannun matan a gaban jama'a, ba hannun wanda ya rako su ba.

Rana ma muna da ita: 13 ga Mayu, ranar matan Nijar, wadda aka ware don tuna tattakin da mata suka yi a Yamai a 1991 suna neman a ba su kujeru a shirin babban taron ƙasa. Su ba su jira a kira su ba. Maimakon ranar ta ƙare a ɗinkin anko da jawabai, a mayar da ita ranar gasa.

Shugabannin ƙungiyoyin mata, hajiyoyin kasuwa, iyayenmu sarakuna, magadan gari, ku ne za ku fara. Hausawa sun ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, kuma masu ita tsufa suke yi. Kowace damina sai an rufe wasu da abin da ke bakinsu.

Allah ya zaunar mana da Diffa lafiya, ya mayar da kowa garinsa. Amin.