Kowa Ya Ci Ladan Kuturu Ya Yi Masa Aski

Jama'a makiyaya da fataken shanu, akwai wata matsala da ke cinye dukiyar 'yan'uwanmu na Mai Wurno da ƙauyukan Hausawa na Jazira da Nilul Azraƙ, wato rigimar biyan kuɗin kayan asibiti.

A jihar Sinnar aka fara inshorar lafiya ta ƙasar Sudan, wadda ake kira ta'amin, a shekarar 1995. An tsara ta ne yadda mai kati zai ga likita, ya biya kashi 25 cikin 100 na kuɗin magani, asusun ya cika sauran. Dokar 2016 kuma ta wajabta wa kowa shiga, har ofishin zakka na biya wa marasa ƙarfi.

To, amma idan sa ya soki makiyayi, ko mota ta kife da falke a hanyar kasuwa, likita ya rubuta sandar dogarawa ko keken guragu, nan ake yin ta. Mai sayar da kayan ya ce asusu bai biya shi ba, sai an ba shi kuɗi hannu. Ofishin asusu ya ce kayan ba sa cikin lissafinsa, ko ya nemi rasit ɗin da ba a bayar ba. Mara lafiya kuwa yana kwance, sai dangi su kora saniya kasuwa, su sayar da ita yadda ta kama.

Yaƙin da ya ɓarke a 2023 ya ƙara dagula lamarin. Wad Madani ta faɗi a Disamba 2023, Singa a Yuni 2024, kuma kafin sojoji su ƙwato su mutane da yawa sun gudu sun bar katunansu da takardunsu.

Ra'ayinmu shi ne, asusun da ya karɓi kuɗin mutane shi zai yi ciniki da 'yan kasuwar. Muna kira a liƙa jerin kayan da asusu ke biya a ƙofar kowace asibiti, a kuma karanta shi da Hausa da Fulatanci a ranakun kasuwa. Wanda katinsa ya ɓace a gudun hijira a sabunta masa ba tare da wahala ba.

Mu kuma kada mu kwance igiyar dabba sai mun riƙe takardar likita, mun ji ta bakin ofishin asusu a rubuce. In mun biya, mu karɓi rasit mai hatimi mu adana shi tare da takardar allurar shanu. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.