Gidan da Aka Saya da Rani, Damina Ce Ke Faɗin Kuɗinsa

Babu Bahaushen da zai je kasuwar Maigatari ya biya kuɗin sa bai buɗe bakinsa ya duba haƙora ba, bai sa an kora shi ya ga tafiyarsa ba. Mai sayen tsohuwar mota a Kano ma sai ya tafi da makanikensa, a saurari inji, a leƙa ƙarƙashi. Amma wannan mutumin, ranar da ya tashi sayen gida, wanda kuɗinsa ya ninka na sa da na mota, sai ya shiga tare da dillali, ya zaga ɗakuna, ya yaba fenti, a nuna masa iyaka, a kira mai unguwa da shaidu a rubuta takarda. Binciken duka yakan tsaya a kan filin da kuma mai shi. Jikin ginin, wanda a ƙarƙashinsa iyali za su kwana, ba a cika samun mai tambayar lafiyarsa ba.

A da wannan sakaci bai cika yin illa ba, domin gida ba ya barin hannun 'yan unguwa. Mai saye ya san shekarar da aka yi ginin, ya san maginin, ya san ɗakin da ke yoyo da lungun da ruwa ke kwanciya. Yanzu lamarin ya sauya. Tun da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991, aka buɗe Jami'ar Tarayya ta Dutse a 2011, aka kuma kafa jami'ar jiha a Kafin Hausa a 2013, wadda yanzu ke ɗauke da sunan Sule Lamido, masu sayen gida a garuruwan tsakiyar jihar sun haɗa da malamin jami'a da aka ɗauko daga nesa, da ma'aikacin lafiya, da ɗan kasuwa mazaunin Legas, da ma'aikacin gwamnati mai shirin ritaya da ke son zuba kuɗin sallamarsa a mahaifa. Dukkansu baƙi ne ga tarihin ginin da suke saye. Abin da maƙwabta suka sani a ka, su ba su da hanyar saninsa sai an duba musu an rubuta.

Daminar 2022 ta nuna girman abin da ake wasa da shi. A watan Agusta na shekarar, hukumar ba da agajin gaggawa ta jihar ta sanar da rasuwar mutane kusan 50, kuma Kafin Hausa na cikin ƙananan hukumomin da abin ya fi shafa. A Bulangu kaɗai gidaje fiye da 200 ne suka lalace. Da yawa daga cikin mamatan ba kogi ne ya tafi da su ba, gini ne ya rufta musu bayan ruwan sama ya jiƙa shi kwana da kwanaki. Ba kowane gida ne duba zai cetar daga irin wannan ruwa ba. Sai dai bangon da ya faɗi a Agusta, galibi tun a Maris alamun ciwonsa suna nan ga wanda ya san inda ake dubawa.

Tsohon gida ba shi ne mugun gida ba

Kuskure na farko da ɗan boko kan yi shi ne ɗaukar kowane ginin ƙasa a matsayin abin rushewa. Soron da aka gina da tubali mai kyau, mai kaurin gindi, aka rufe da azarar giginya, aka riƙa yi masa yaɓe kafin kowace damina, yana iya ganin jikoki, kuma ya fi ɗakin kwano sanyi a zafin Afrilu. Tsoffin magina suna da dabarun kare shi daga ruwa: makuba da ake samu daga ɗorawa, laso da ake haɗawa da katsin marina, da indararo mai tsawo da ke jefa ruwan rufi nesa da bango. Ginin ƙasa yana rayuwa ne da kulawa, yana mutuwa ranar da aka daina.

Saboda haka mai duba irin wannan gida yakan fara ne daga gindin bango, inda ruwan indararo da na lungu ke zaizaye ƙasa, inda kuma danshi ke hawa ya bar farin gishiri. Daga nan sai kan azara, wato ɓangaren da ya shige cikin bango, domin nan ne ke ruɓewa ba a gani. Ya kuma tabbatar giginya ce, ba wani itacen da gara ke ci aka sa a madadinta ba. Sai ya hau saman soro ya ga ko ya lotsa yana tara ruwa, ko kuma yaɓen shekaru ya taru ya yi wa azara nauyi.

Babban abin tsoro shi ne ginin ƙasa da aka yi wa rigar siminti. Filastar siminti ba ta kama ƙasa yadda ya kamata. Da zarar ta tsage, ruwa ya shiga bayanta, ba shi da hanyar fita, sai ƙasar ta riƙa narkewa a ɓoye alhali waje sumul yake. Ƙwanƙwasa bango da ɗan ƙarfe kan tona asirin: inda ya yi amo kamar ganga, filasta ta rabu da bango. Gidan da aka yi wa irin wannan kwalliya ana gab da sa shi a kasuwa, kyan ɗan maciji gare shi.

Sabon gida ma yana da nasa ciwon

Kuskure na biyu shi ne zaton bulo da kwano sun isa shaida. Gidan da aka gina don sayarwa, ribarsa tana cikin abin da aka rage: buhun siminti mai kilo 50 da aka matsa wa ya fitar da bulo fiye da ƙima, bulon da ba a shayar da shi ruwa ya yi ƙwari ba, rodi siriri ko babu shi sam a linta, harsashi marar zurfi, daɓe ba tare da ledar hana danshi ba. Ƙusa ɗaya ta isa gwada bulo. Idan ya riƙa zuba kamar garin rogo, fenti ba zai gyara shi ba.

Tsagewar bango kuwa iri-iri ce. Siririya mai kama da gashi a kan filasta ba ta cika zama damuwa ba. Wadda ta taso daga kusurwar taga ta yi gicciye, ko ta bi sahun bulo kamar matakala, ko ta fi faɗi a sama, ita ce ke cewa harsashi na motsi, musamman idan ƙofofi sun fara ƙin rufuwa. A kan rufi, tambaya ita ce ko an ɗaure katako da bango da ƙarfe, domin iskar farkon damina ba ta tambayar shekarun kwano. Silin yana ɓoye yoyo da aikin gara, don haka wajibi ne a ɗaga shi a haska fitila. A duba kaurin wayar lantarki, a kuma auna tazarar masai ko sokawe da rijiya. Mita 30 ne ma'aunin da hukumomin lafiya da na agaji suka saba bayarwa, kuma ƙasa mai rairayi ba ta tace ƙazanta kamar yadda ake zato.

Daga nan sai filin kansa. Ƙasar Dutse mai duwatsu daban take da ta Kafin Hausa, inda jigawa da fadama ke maƙwabtaka. Laka tana kumbura da damina, ta tsuke da rani, tana jan harsashi sama da ƙasa. Tsohon kududdufi da aka cike da shara aka yanka fuloti yakan ci gaba da lotsawa shekaru. Titin da aka ɗaga ya fi daɓen gida tudu yana mayar da tsakar gida magudana. A yankin Kogin Haɗeja kuma, inda ruwa ke gangarowa daga madatsun Tiga da Challawa, ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa da dama. Layin da ambaliya ta bari a katangar maƙwabci ya fi rantsuwar dillali gaskiya.

Abin da shari'a da sauran ƙasashe suka tanada

Wani zai ce wannan baƙuwar al'ada ce. A gaskiya fiƙihun Malikiyya, wanda kotunan shari'a na jihar ke aiki da shi, ya haramta ɓoye aibi a ciniki. Risala ta Ibn Abi Zaid, da ake karantawa a zauruka, ta ambaci haka. Malaman mazhabar sun kasa aibin gida gida uku: ƙarami da ba a kula da shi, matsakaici da ake rage wa mai saye kuɗinsa, da babba da ke ba shi damar mayar da gidan. Amma sai an tabbatar aibin ya riga ciniki, kuma alƙali yakan nemi masana gini su shaida. Rahoton da aka rubuta kafin a biya kuɗi yana rufe wannan ƙofar rigima ga kowa: mai saye ya san abin da ya karɓa, mai sayarwa kuma ba za a dawo masa da aibin da aka riga aka bayyana ba.

A Ingila, ƙungiyar RICS ta kasa duba gida mataki uku, mafi zurfi don tsoffin gine-gine, kuma rahoton yana nuna kowane sashe da launi: kore, ruwan ɗorawa ko ja. A Sikotlan, tun Disamba 2008 mai sayarwa ne ke kawo rahoton halin gida kafin ya sa shi a kasuwa. A Faransa, ana haɗa takardun bincike da yarjejeniyar ciniki, har da na gara a yankunan da aka ayyana. Darasin da ya fi amfani shi ne na Ingila ɗin: ta tilasta wani kundin bayanan gida a 2007, ta dakatar da shi a 2010 bayan kukan tsada da jinkiri. Ga ƙasar da ta fitar da kundin ƙa'idojin gini tun 2006 amma har yau aiwatar da shi ke tafiyar hawainiya, doka ta tilas a ƙauye za ta iya komawa hatimi da rasit kawai, a biya kuɗi ba wanda ya hau soro.

Uzurori uku

Na farko kuɗi. Ladan mai duba ɗan kaɗan ne idan aka gwada shi da la'adar da ake ba dillali ba gardama, balle da kuɗin sake rufi. Bambancin shi ne dillali yana samu ne idan ciniki ya faɗa, mai duba kuwa yana samu ko ya faɗa ko bai faɗa ba. Shi ya sa dole mai saye ne zai ɗauko shi ya biya shi.

Na biyu kunya. Kawo mai duba gidan dattijo ko ɗan'uwa yana kama da tuhuma. Wannan damuwa ce ta gaske, kuma maganinta shi ne abin ya zama ruwan dare, yadda ba wanda ke jin haushi don an duba haƙoran sansa. Ƙungiyoyin adashi da na taimakon juna na ma'aikatan jami'o'i da sakatariyar Dutse, da bankunan da ke ba da rancen gida, suna iya sa rahoton duba ya zama sharaɗin fitar da kuɗi. Nan take mai saye ya sami abin fakewa: ƙa'idar ƙungiya ce.

Na uku ƙarancin masana. Injiniyoyi masu rajista da COREN da magina masu rajista da CORBON sun fi yawa a birane, kuma ba kowannensu ya san ginin ƙasa ba. Wanda ya san shi shi ne tsohon magini, wanda ba ya rubuta rahoto. A haɗa su biyun: dattijo ya duba, matashin da ya karanci gini a kwalejojin fasaha na Dutse, Haɗeja ko Kazaure ya auna, ya ɗauki hoto, ya rubuta. Inda aka ga alamar motsin harsashi, ko aka yi dakin na kankare, sai a kira injiniya. Shafi biyu da Hausa sun isa, kowane sashe da hukuncinsa: lafiya lau, yana buƙatar gyara nan gaba, ko kada a tare sai an gyara, tare da ƙiyasin kuɗin gyaran.

Duk wannan ba ya ɗauke wa mai saye binciken takardu. A ƙarƙashin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, sauya hannun fili yana buƙatar amincewar ƙaramar hukuma ko ta gwamna, gwargwadon irin izinin mallakar, kuma gidan gado da ba a raba ba yana tattare da haƙƙin shufa'a na sauran magada. Sai dai takarda mai kyau a kan bango mai ciwo ba ta hana shi faɗuwa.

Sauran abu ɗaya shi ne lokaci. Cinikin gida ya fi tashi bayan kaka, lokacin da kuɗi ke hannu, bango ya bushe, fenti ke sheƙi. Mai hankali yakan koma ya ga gidan a Agusta, washegarin ruwa mai ƙarfi. Idan ciniki ba zai jira ba, a rubuta a yarjejeniya cewa wani kaso na kuɗin zai zauna hannun amintacce har damina ta wuce. Mai sayarwa da ya amince da gininsa ba abin da zai rasa illa 'yan watanni. Wanda ya ƙi ko a hau soronsa kuwa, ya riga ya ba mai saye rahoton da yake nema, kuma kyauta.