Bayan fita daga gidan kaso, wa zai riƙe maganin SIDA?

A watan Maris na shekarar 2020, lokacin annobar korona, shugaban ƙasa na wancan lokaci Mahamadou Issoufou ya yi wa ƴan kaso 1.540 afuwa domin a rage cunkoso. Mutane da yawa sun koma gida cikin ƴan kwanaki. Irin wannan saki abin murna ne ga iyalai, amma ma'aikatan kiwon lafiya sun san cewa ranar da aka buɗe wa mutum ƙofa ita ce ranar da maganinsa ya fi shiga haɗari.

A ƙasar Nijar an gano masu ciwon SIDA na farko a shekarar 1987. Binciken lafiyar jama'a na 2012 ya nuna kashi 0,4 cikin 100 na manya ne ke ɗauke da ƙwayar cutar, adadin da ke cikin mafi ƙanƙanta a Afirka ta Yamma. Sai dai hukumar ONUSIDA ta daɗe tana faɗakarwa cewa a duniya baki ɗaya cutar ta fi yawa ƙwarai a gidajen kaso bisa ga waje. Dalilan a fili suke: cunkoso, aron reza da allura, saduwa ba tare da kariya ba, ga kuma tarin fuka da ke saurin kama wanda jikinsa ya raunana.

Mai shan maganin da ake kira ARV kullum ba fashi, ƙwayar cutar takan ragu a jininsa har awo ya kasa ganinta. Wani babban bincike da aka bayyana a 2011 ya tabbatar cewa fara maganin da wuri yana rage yaɗa cutar tsakanin miji da mata da kashi 96 cikin 100. Idan kuwa aka bar maganin, cikin makonni kaɗan ƙwayar takan dawo da ƙarfinta, wani lokaci ma ta taurare maganin ya daina cin ta. Wanda ya fito daga kaso ya koma ɗakin matarsa daidai wannan lokaci, to ba shi kaɗai ke cikin haɗari ba. Matar tana ciki, haka nan ɗan da za ta haifa.

Abin da ya faru a jihar Texas ta Amurka ya isa darasi. An bi sawun ƴan kaso 2.115 masu shan maganin waɗanda aka saki tsakanin 2004 da 2007. Kashi 5 cikin 100 kawai suka karɓi sabon magani cikin kwana 10 na farko, kuma bayan kwana 60 adadin bai wuce kashi 30 ba. Waɗanda wani ma'aikaci ya taimaka musu wajen cika takardu kafin fita sun fi sauran karɓar sabon magani. Ke nan magani yana nan, mai raka mutum zuwa gare shi ne ya yi ƙaranci.

A nan gida wahalar tana da nata kama. Da yawa daga cikin waɗanda ke tsare jiran shari'a suke yi, ana iya sallamar su da hantsi ba tare da gidan likita na kaso ya sani ba. Wanda aka tsare a Yamai, Kollo ko Kutukale yana iya zama mutumin ƙauyen Maraɗi, Tawa ko Damagaram, ba kuɗin mota, ba sana'a, ba takardar likita a hannu. Kunyar kaso ta haɗu da kunyar ciwo, sai ya yi shiru. Maganin ARV kyauta ake ba da shi a Nijar, amma tafiya zuwa inda ake rabonsa ba kyauta ba ce.

Ƙa'idodin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a watan Disamba na 2015, waɗanda aka sa wa sunan Nelson Mandela, sun ce lafiyar ɗan kaso nauyi ne a kan hukuma, kuma wajibi ne a tsara aikin yadda magani ba zai yanke ba, musamman na SIDA da tarin fuka. Cika wannan alkawari ba ya bukatar sabon gini. Ya kamata magatakardan kaso ya sanar da ma'aikacin lafiya duk wanda za a saki. A ba mutum guzurin magani na wata ɗaya ko fiye, da takarda zuwa gidan likita mafi kusa da garinsu, a cikin rufin asiri. A yi masa tayin awon jini da yardarsa, a ba shi kwaroron roba, a buɗe wa matarsa hanyar yin awo. Idan awo ya nuna ba ta ɗauke da cutar, akwai maganin rigakafi da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar amfani da shi tun 2015.

Wannan aiki yana neman masu ba da shawara waɗanda aka horar, masu iya magana da Hausa, Zabarmanci ko Barbarci, masu riƙe sirri. Ma'aikatar shari'a da ta kiwon lafiya su ne ya kamata su ware musu gurbi. Sarakunan gargajiya da malamai kuma nasu aikin shi ne su hana a guji wanda ya dawo, domin wanda jama'arsa ta karɓa da mutunci shi ne ke samun ƙarfin zuciyar zuwa karɓar maganinsa a kan lokaci.