Kafin Ka Ce A Zo A Yi Rajista, Fara Gwada Ƙofar Da Kanka



Bara ƙungiyarmu ta shirya gasar gajerun labarai, aka ɗora mini haɗa fom ɗin rajista, tunda ni ne mai difloma a fannin kwamfuta. Cikin dare ɗaya na haɗa shi, na gwada sau ɗaya da imel ɗina, na ga ya tafi lafiya, muka saki sanarwa. Bayan an rufe gasar, wata 'yar uwa ta kira ni tana tambayar me ya hana sunanta fitowa a jerin waɗanda suka shiga. Da na bincika sai na gano fom ɗin yana zubar da duk sunan da ke da ɗan waƙafin nan na sama, irin na Sa'adatu da Ma'aruf, kuma ba ya sanar da mai shi. Labarin da ta yi wata biyu tana rubutawa bai isa hannun alƙalai ba. Laifina ne, kuma har yau ina jin nauyinsa.

Shi ya sa nake ganin duk wanda zai buɗe fom na gasa, ajin koyon rubutu ko sayar da littafi, wajibi ne ya fara shiga a matsayin baƙo, sau da yawa, da sunaye daban-daban. Matsalar ita ce yawancin fom ba sa karɓar adireshi ɗaya sau biyu. A nan imel na wucin gadi yake da rana.

Akwai shafuka da ke ba ka adireshi nan take, ba rajista, ba lambar waya. Na 10 Minute Mail yana mutuwa bayan minti goma. Guerrilla Mail yana goge saƙo bayan awa ɗaya. Mailinator kuwa tun 2003 yake aiki. Da su za ka zama mutum biyar cikin rabin awa. Shiga da suna mai ƙ, ɗ ko ɓ, ka ga ko za su fito daidai ko za su koma alamar tambaya. Duba ko saƙon tabbatarwa yana zuwa, kuma mahaɗin da ke cikinsa yana buɗewa. Yi kamar ka manta kalmar sirri, ka ga ko za a turo maka sabuwa. Gwada ɗora fayil daga waya lokacin da sabis ba shi da ƙarfi, domin haka yawancin mutanenmu za su yi.

Idan shafin ya toshe irin waɗannan adiresoshi, Gmail na da dabara: ƙara alamar tarawa da wata kalma bayan sunanka, kafin alamar @. Shafin zai ɗauke shi sabon adireshi, saƙon kuma akwatinka zai faɗo.

Na san wani zai ce ai wannan kayan 'yan maguɗi ne, masu jefa wa kansu ƙuri'a sau ashirin a gasa. Gaskiya ne ana yin haka, kuma cin amana ne. Amma mai gwada fom ɗinsa ba ya cutar da kowa, hasali ma haƙƙin mutane yake karewa.

Sai dai a kiyaye iyaka. Akwatunan Mailinator na kyauta a buɗe suke, duk wanda ya rubuta sunan akwatin zai karanta abin da ke ciki, don haka kada ka tura labarinka na gaske a gwaji. Kada ka buɗe asusun Wattpad ko na wata gasa da irin wannan adireshi. Ranar da ka manta kalmar sirri, ba inda za a turo maka, babi talatin sun tafi. Idan ka gama gwaji kuma, goge sunayen bogin kafin su cakuɗe da na gaske.

Marubuci ba ya kai littafi maɗaba'a bai sake karantawa ba. Fom ɗin da zai karɓi wahalar wasu ya cancanci irin wannan bitar.

Allah ya sa mu dace.