Kada a yi wa makiyayin Fulatari awo da tiyar aro

Duk wanda ya taɓa sayar da tattasai a kasuwar Diffa ya san ba a tsayar da farashi sai an daidaita kan abin awo. Yau duniya ta buɗe wata sabuwar kasuwa, ta kabon, inda ake biyan wanda gonarsa ko dajinsa ya zuƙe iskar da ke ɗumama duniya, ake kuma ɗora laifi a kan wanda dabbobinsa ke fitar da ita. Makiyayin Fulatari, a yankin Maine-Soroa, yana cikin wannan lissafi ko da ba wanda ya nemi shawararsa.

Saniya idan tana tuƙa, tana gyatsar iskar metan, wadda a tsawon shekara 100 ƙarfinta wajen riƙe zafi ya ninka na iskar kabon kusan sau 28. Wannan ba abin musu ba ne. Inda gardama take shi ne yawan abin. Ƙasar da ba ta da awon kanta takan ɗauki adadin bai-ɗaya daga littafin kwamitin masana yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya, IPCC, ta ninka da yawan garkenta. Amma saniyar da ke tsintar busasshiyar ciyawa tsakanin tuddan rairayi a watan Afrilu, haƙarƙarinta a waje, ba ta cin abin da take ci a watan Agusta, balle ta yi gyatsa iri ɗaya.

An taɓa gwada awon na gaskiya a Sahel. A Widou, cikin yankin Ferlo na Senegal, Mohamed Habibou Assouma da abokan aikinsa na cibiyar CIRAD sun bi makiyayar da ke kewaye da rijiyar burtsatse guda tsawon shekara, suna auna abin da dabbobi ke ci, da abin da ƙasa da itatuwa ke ajiyewa. Sakamakon da suka buga a 2019 ya nuna cewa abin da itatuwa da ƙasa suka ɓoye ya biya abin da garke ya fitar. Kashin da saniya ke zubarwa a hanyarta yana komawa ƙasa ya zama taki. Wanda ya ƙirga gyatsar ya bar takin, rabin lissafi ya yi.

Shi kansa awon ba tsafi ba ne. Ana zagaya gindin itace da igiyar awo, a ɗauki tsayinsa, a fitar da nauyinsa. Kusan rabin busasshen itace kabon ne, kuma tan guda na kabon daidai yake da tan 3.67 na iskar da ya hana tashi sama. Ƙasa ce mai wuya. Sai an haƙo samfuri zuwa zurfin santimita 30 a wurare da yawa, a shanya, a kai ɗakin bincike, sannan a dawo bayan shekaru a maimaita, don rairayi irin na Fulatari kabon ɗinsa kaɗan ne, canjinsa kuma a hankali yake bayyana. A kwarin kogin Komadugu ma manoma suna da nasu lissafin: man injin ban-ruwa, takin zamani a gonar tattasai, ruwan da ke kwana a fadamar shinkafa.

Daga sama kuwa, tauraron ɗan'adam ya riga ya yi nisa. A 2023 masu bincike ƙarƙashin Compton Tucker na hukumar NASA sun ƙirga itatuwa kusan biliyan 10, ɗaya bayan ɗaya, a busassun ƙasashen kudu da Sahara. Aduwa da kandilin da makiyayi ke hutawa a inuwarsu suna cikin kwamfutar wani a Amurka.

Nijar ba baƙuwa ba ce a wannan kasuwa. Shirin dashen dakwara, itacen ƙaro, wanda asusun BioCarbon na Bankin Duniya ya tallafa, an yi masa rajista a 2013, amma ƙauyukan da suka yi dashen sun daɗe suna jira kafin kuɗin kabon ya iso hannunsu. Awo da tantancewa suna cin lokaci da kuɗi, kuma galibi ƙwararru daga waje ake ɗaukowa. Babban abin tsoro ga Fulatari ma ya wuce jinkiri: idan aka killace makiyaya don itace ya girma a sayar da kabon ɗinsa, aka toshe burtali, an karya dokar kiwo ta 2010 wadda ta amince cewa yawon kiwo haƙƙi ne na makiyayi.

Diffa tana da jami'a tun 2014, cibiyar nazarin yanayi ta AGRHYMET kuma tana Yamai. Ya kamata su kafa filayen awo na dindindin a Fulatari da bakin Komadugu, su koya wa 'ya'yan makiyaya da manoma riƙe igiyar awo da rubuta sakamako. Hukumar gari da sarakunan gargajiya kuwa, kada su sa hannu a kan wata yarjejeniyar kabon sai an karanta wa jama'a adadin da aka auna, da kason kowa, da Fulfulde da Kanuri da Hausa.